Boyd Alexander

Boyd Alexander (16 ga Janairu, 1873 – 2 ga Afrilu, 1910) hafsan sojan Birtaniya ne, matafiyi, kuma masanin tsuntsaye. An fi saninsa da jagorancin wata tawagar bincike da ta ratsa Afirka daga Kogin Neja zuwa Kogin Nilu tsakanin shekarar 1904 da 1907, ta Arewacin Najeriya, Tafkin Chadi da arewacin Kongo. A wannan tafiya ya yi watanni yana zango a bakin Tafkin Chadi, yana tattara tsuntsaye, yana kuma neman hanyar da jirgin ruwa zai bi ya ƙetare tafkin. Taswirar da ya fito da ita ta nuna cewa a lokacin tafkin ya rabu gida biyu, kuma bai kai girman da taswirorin Turai suke ba shi ba.

Turawan Ingila huɗu ne suka fara tafiyar. Biyu sun mutu a hanya, cikinsu har da ƙanensa Claud, ɗaya ya koma gida, shi kaɗai ya isa Nilu. Shi ma bayan shekara uku da 'yan watanni aka kashe shi a ƙasar Tama da ke gabashin Chadi ta yau, yana da shekara 37. Kabarinsa yana Maifoni, wadda yanzu take cikin garin Maiduguri.

Asali da ƙuruciya

An haifi Boyd Alexander a Cranbrook, wani ƙaramin gari a yankin Kent da ke kudu maso gabashin Ingila. Tagwaye ne shi da ɗan'uwansa Robert. Mahaifinsu, Boyd Francis Alexander, laftanar-kanar ne a rundunar Rifle Brigade, kuma asalin gidansu daga Ayrshire ne a ƙasar Scotland. Iyalin suna zaune ne a wani babban gida mai fili da itatuwa da ake kira Swifts Place. Daga cikin ƙannensa akwai Herbert, wanda ya zama mai zane, da Claud, wanda ya shiga soja.

Ya yi karatu a kwalejin Radley. Tun yana yaro hankalinsa yana kan tsuntsaye, yana neman sheƙarsu, yana tara ƙwansu da fatunsu, kamar yadda 'ya'yan masu hali da yawa suke yi a Ingila ta wancan zamani. A shekarar 1893 ya zama hafsa a ɓangaren sojojin ko-ta-kwana na rundunar da mahaifinsa ya yi wa aiki. Irin wannan aikin soja ba ya cin lokacin mutum duka, don haka ya samu sararin zuwa gaɓar tekun Kent da Sussex yana lura da tsuntsayen da suke sauka a can lokacin ƙaura. A nan ya koyi zaman jira a bakin ruwa da rubuta abin da ya gani kullum, abubuwan da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Tafiye-tafiyen farko

A shekarar 1897 ya je tsibiran Cape Verde sau biyu, a tekun Atlantika yamma da Senegal. A wani ɗan tsibiri da babu kowa a cikinsa mai suna Raso ya samu wani ƙaramin tsuntsu mai launin ƙasa wanda masana ba su san da shi ba, ya bayyana shi a 1898. Wannan tsuntsu, wanda sunansa na kimiyya Alauda razae ne, yana cikin tsuntsayen da suka fi ƙaranci a duniya, domin shekaru da yawa ba a samunsa ko'ina sai a wannan tsibiri da faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 7 ba. A Cape Verde ne kuma ya haɗu da wani yaro mai suna José Lopes, wanda ya koya wa feɗe tsuntsu da adana fatarsa. Lopes ya zama abokin tafiyarsa kuma babban mataimakinsa a kusan duk tafiyar da ya yi bayan haka.

A 1898 ya shiga tawagar Manjo Gibbons zuwa Kogin Zambezi, inda ya tattara ɗaruruwan tsuntsaye a bakin Zambezi da Kafue.

A 1900 ya karɓi aiki a rundunar tsaro ta Gold Coast, wato Ghana ta yau. Yawancin dakarun wannan runduna daga arewa ake ɗebo su, ana kiransu Hausawa ko da wace ƙabila suka fito, kuma da Hausa ake ba su umarni. A wannan shekara ce Asante suka tashi ƙarƙashin Yaa Asantewaa bayan da gwamnan Birtaniya ya nemi a miƙa masa kujerar zinare, suka kewaye ganuwar Turawa a Kumasi. Alexander yana cikin sojojin da James Willcocks ya jagoranta suka je suka karya wannan ƙawanya. Ko a cikin yaƙin bai bar tattara tsuntsaye ba, kuma wani sabon nau'i da ya samu ya sa masa sunan kwamandansa, Indicator willcocksi. Daga baya aka tura shi Gambaga a arewacin ƙasar, inda ya fara sanin tsuntsayen ƙasar ciyawa irin na Sudan ta Yamma.

A ƙarshen 1902 ya je tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko a ƙasar Equatorial Guinea. Ya hau babban dutsen tsibirin, ya dawo da tsuntsaye waɗanda fiye da 30 daga cikinsu aka bayyana su a matsayin sababbi ga kimiyya. Wannan tafiya ce ta fito da sunansa a tsakanin masana tsuntsaye na Turai. Rahotanninsa suna fitowa ne a mujallar The Ibis ta ƙungiyar masana tsuntsaye ta Birtaniya.

Yadda ake nazarin tsuntsaye a zamaninsa

Yau mai nazarin tsuntsaye yakan fita da tabarau mai hangen nesa da kyamara, ya dawo da hotuna da sauti. A zamanin Alexander da bindiga ake fita. Kafin masana su yarda cewa an gano sabon nau'i, sai an kawo tsuntsun kansa an ajiye shi a gidan tarihi, an gwada shi da makamantansa, an auna baki da fiffike da ƙafa. Saboda haka ana harbin tsuntsun da ƙananan harsasai don kada gashinsa ya lalace, a feɗe shi a ranar, a shafa wa cikin fatar sabulu mai guba don kada ƙwari su ci, a cusa auduga, sannan a ɗaura masa takarda a ƙafa mai ɗauke da kwanan wata, wurin da aka same shi, ko namiji ne ko tamace, da launin idonsa. A ƙasa mai zafi, jinkirin 'yan sa'o'i yana iya ɓata aikin yini guda, ga gara da laima da suke bin akwatunan ajiya.

Ɗaukar hoton tsuntsu yana farkonsa ne a lokacin. A 1895 wasu 'yan'uwa biyu na Ingila, Richard da Cherry Kearton, suka buga wani littafi kan sheƙar tsuntsayen Birtaniya wanda ake ɗauka shi ne na farko a wannan fanni da aka ƙawata gaba ɗaya da hotunan kyamara. Amma kyamarar lokacin tana da nauyi, ba ta nuna launi, kuma sai an matso kusa da tsuntsun ƙwarai kafin a samu hoto mai amfani. Tawagar Alexander ta yi tafiya da kyamara, ta ɗauki hotunan mutane, garuruwa, koguna da zango, amma shaidar kimiyya kan tsuntsaye ta kasance fatun da ke cikin akwati.

Tafiya daga Neja zuwa Nilu

Shiri da tashi

Tawagar da aka fi sani da sunan Alexander da Gosling ta bar Liverpool a watan Fabrairu, 1904. A cikinta akwai Boyd, wanda shi ne madugu kuma mai kula da tsuntsaye, ƙanensa Kyaftin Claud Alexander na rundunar Scots Guards, mai kula da auna ƙasa, Kyaftin G. B. Gosling, mai kula da manyan dabbobi da kifaye, P. A. Talbot, ma'aunin ƙasa. Da José Lopes. Burinsu uku ne: su auna ƙasar da ke tsakanin Binuwai da Tafkin Chadi, su bincika tafkin, sannan su gwada ko za a iya ratsa Afirka daga yamma zuwa gabas ta bin koguna.

Don haka suka zo da jiragen ruwa biyu na ƙarfe, kowanne tsawonsa ƙafa 26, waɗanda ake iya kwancewa gunduwa-gunduwa a ɗauka a ka idan ruwa ya ƙare, a sake haɗawa idan an iso wani kogin. Wannan dabara ta dogara ne kacokan kan ƙarfin mutanen ƙasa. 'Yan alaro, matuƙa jirgi, masu dafa abinci, tafintoci da 'yan rakiya masu bindiga, da yawansu Hausawa, su ne suka ɗauki jiragen da kaya, suka tura su da gora a ruwa, suka ja su a taɓo. Sunayen kaɗan ne daga cikinsu suka shiga rubuce-rubucen tafiyar.

A Arewacin Najeriya

Sun iso Lokoja a watan Maris, 1904, suka hau Binuwai zuwa Ibi, inda suka kafa sansaninsu na farko. Ƙasar da suka shigo ba ta daɗe da faɗawa hannun Birtaniya ba. Shekara guda kafin nan aka ci Kano da Sakkwato, kuma a watan Yuli, 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, kusa da Kogin Gongola, hanyar da jiragen tawagar za su bi.

Daga Ibi suka rarrabu. Claud da Talbot suka nufi arewa suna auna ƙasa daga kan wannan dutse zuwa wancan, ta Wase da Bauchi har cikin Borno. Gosling da Lopes suka hau Gongola da jiragen zuwa Ashaka, inda aka kwance su aka ɗauka ta tudu zuwa Kogin Yobe, wanda yake malala cikin Tafkin Chadi. Boyd kuwa ya bi hanyar ƙasa daga Loko yana tattara tsuntsaye. Shekarar ta zo da yunwa a yankin Gongola, abin da ya sa samun abincin ciyar da ayari ya yi wuya, kuma zuwan baƙi masu baki da yawa ya ƙara wa ƙauyukan da suka bi nauyi.

A bakin Kogin Yobe, Boyd ya haɗu da wani ayarin maniyyata da suke tafiya gabas da ƙafa zuwa Makka, ya bi su. 'Yan harin Tubawa sun far wa ayarin a hanya kafin ya isa garin Yo. A wancan lokaci hanyar Borno, Wadai da Darfur ita ce babbar hanyar alhazan Afirka ta Yamma, kuma tafiyar takan ci shekaru.

Claud ya kamu da zazzaɓin taifot yana cikin aikin awo. Aka kai shi barikin Turawa da ke Maifoni, Boyd ya zo ya same shi, ya rasu a ranar 13 ga Nuwamba, 1904. A nan aka binne shi. A lokacin Shehun Borno Abubakar Garbai yana zaune ne a Kukawa, tsohon birnin da Rabe ya rushe a 1893. Sai a 1907 ya ƙaura zuwa Yerwa kusa da Maifoni, inda Maiduguri ta yau ta kafu.

Zango a bakin Tafkin Chadi

Bayan rasuwar Claud, tawagar ta kafa zango a Kaddai, a gaɓar yamma ta tafkin. Wurin fili ne shimfiɗaɗɗe, babu inuwa sosai, ga iskar hunturu da rana, ga sauro da dare. Amma ga mai neman tsuntsaye babu kamarsa. A wannan lokaci na shekara tsuntsayen da suke gudun sanyin Turai da Asiya suna ƙetaro Sahara su sauka a bakin tafkin, su haɗu da na gida irin su gauraka, dinya, zalɓe, balbela da kwasakwasa.

A watan Disamba, 1904, Boyd da Talbot suka shiga tafkin da jirgi. Abin da suka tarar ya saɓa wa taswirar da ke hannunsu. A wurare da yawa na arewacin tafkin ruwan bai wuce gwiwa ba, ƙasansa taɓo ne mai zurfi, kuma tsibirai da dogayen ciyayin ruwa sun tare ko'ina. Sau da yawa sai mutane sun sauka sun ja jirgin da hannu. Mazauna tsibiran, wato Buduma, waɗanda suke kiran kansu Yedina, masunta ne kuma makiyayan shanun Kuri masu manyan ƙaho, suna zirga-zirga da kwale-kwalen da suke ɗaurewa da ciyawar ruwa, wanda ke wucewa inda jirgin ƙarfe yake makalewa. Da farko suna guje wa baƙin, kuma rashin ɗan jagora daga cikinsu ya sa tawagar ta yi ta ɓata.

A farkon 1905 Talbot ya koma Ingila da sakamakon awon ƙasa, Gosling kuma ya zaga ta tudu zuwa Kusseri. Boyd da Lopes da matuƙan jirgi suka ci gaba da neman hanyar da za ta kai su bakin Kogin Shari a kudu. Sun yi ta gwadawa suna dawowa. Wani lokaci sukan yini suna saran ciyawa da adda don buɗe wa jirgi hanya, su kwana cikin jirgin saboda babu busasshiyar ƙasar da za a kafa tanti, abinci kuma yana ƙarewa. Sai a watan Mayu, 1905 suka samu ƙetarewa ta kudancin tafkin suka isa bakin Shari.

Abin da ya fito daga wannan wahala shi ne bayanin cewa Tafkin Chadi kwari biyu ne, na arewa da na kudu, da wani shinge na ciyayi da tudu a tsakaninsu, kuma na arewa ya fi saurin bushewa. Dalili shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna suke kawowa yana shigowa ne daga kudu ta Shari da Logone, saboda haka idan ruwa ya yi ƙasa ba ya iya tsallake shingen ya kai arewa. Tawagar Faransa ta Jean Tilho, wadda ta yi aiki a yankin jim kaɗan bayan haka, ta tarar da arewacin tafkin yana ƙafewa. Daga baya tafkin ya sake cika har ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, sannan farin shekarun 1970 ya sake raba shi biyu. Bayanan Alexander suna cikin shaidun da suke nuna cewa raguwa da ƙaruwar tafkin tsohon hali ne nasa.

Shari, Ubangi da Uele

Daga bakin tafkin suka hau Shari, suka wuce Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, da Fort Archambault, wato Sarh. Suka shiga Kogin Bamingui, sannan aka sake kwance jiragen aka ɗauka ta tudu zuwa kogunan da suke gangarawa Ubangi. Daga Ubangi suka shiga Uele, a ƙasar Kongo wadda a lokacin take hannun Sarki Leopold na biyu na Beljiyam. Nan yanayi ya sauya daga filin ciyawa zuwa kurmi, ga ruwan sama, ga duwatsu a tsakiyar kogi waɗanda suka yi ta fasa jiragen.

A kurmin Uele suka nemi okapi, dabbar nan 'yar'uwar raƙumin dawa mai zane a ƙafafu kamar na jakin dawa, wadda sai a 1901 masana Turai suka tabbatar da akwai ta, duk da cewa mutanen kurmin sun san ta tun fil azal. Lopes ne ya samo musu guda ta hanyar haƙa ramin tarko, aka kai fatarta Landan.

Gosling ya kamu da mummunan zazzaɓin cizon sauro irin wanda yake sa fitsari ya yi baƙi, ya rasu a Niangara a watan Yuni, 1906. Boyd da Lopes da sauran mutanensu suka ci gaba ta Kogin Kibali, suka haura tudun da ya raba ruwan Kongo da na Nilu, suka bi Kogin Yei. A watan Disamba, 1906 suka isa Nilu a Sudan ta Kudu ta yau, daga nan suka wuce Khartoum. Boyd ya koma Ingila a farkon 1907, bayan shekara uku da tashi.

Littafi da lambobin yabo

A 1907 ya buga labarin tafiyar a littafi mai juzu'i biyu mai suna From the Niger to the Nile, wanda yake ɗauke da hotuna da taswirori. Baya ga tsuntsaye da dabbobi, littafin ya yi bayanin garuruwa, kasuwanni da sarakunan da ya gani a Arewacin Najeriya a shekarun farko na mulkin mallaka, shi ya sa masu tarihin Borno da Bauchi suke duba shi. Sai dai yana ɗauke da kallon raini ga wasu al'ummomi irin wanda aka saba gani a rubutun Turawan mulkin mallaka, don haka masana suke karanta shi da lura.

Ƙungiyar nazarin ƙasa ta Antwerp ta ba shi lambar zinare, sannan a 1908 ƙungiyar Royal Geographical Society ta Landan ta ba shi babbar lambarta. Shi ne kuma ya rubuta babin tsuntsaye a kundin tarihin yankin Kent.

Tafiya ta ƙarshe da mutuwa

A watan Disamba, 1908 ya sake tashi tare da Lopes. Suka fara da tsibiran São Tomé, Príncipe da Annobón, sannan suka sauka Kamaru, wadda take hannun Jamus. Yana kan Dutsen Kamaru a watan Afrilu, 1909 lokacin da dutsen ya yi aman wuta, ya kuma rubuta abin da ya gani. Daga nan ya bi ta tsaunukan yammacin Kamaru ya shigo Najeriya, ya je Maifoni ya ziyarci kabarin ƙanensa.

Niyyarsa ita ce ya wuce gabas ta Wadai da Darfur zuwa Khartoum, hanyar da Bajamushe Gustav Nachtigal ya bi a 1873 da 1874. Hanya ce da ta riga ta ci Turawa: an kashe Eduard Vogel a Wadai a 1856, aka kashe Moritz von Beurmann a Kanem a 1863 yana kan hanyar zuwa can. Lokacin da Alexander ya zaɓa ma ya fi kowanne muni. Faransawa sun kama Abeche, babban birnin Wadai, a watan Yuni, 1909, Sarki Dud Murra ya fice yana ci gaba da yaƙi. A watan Janairu, 1910 mayaƙan Masalit suka hallaka rundunar Kyaftin Fiegenschuh kusan gaba ɗaya. Sarkin Darfur Ali Dinar kuma yana iƙirarin cewa ƙananan masarautun kan iyaka, har da Tama, nasa ne. Alexander ya yi zaton kasancewarsa Baturen Ingila zai ba shi damar isa wurin Ali Dinar, har ma ya shiga tsakaninsa da Faransawa.

Ya bar Abeche da mutane kaɗan. Da ya isa Nyeri, mazaunin sarautar Tama a arewa maso gabashin Abeche, sai mutanen wurin suka tare shi suka nemi tafiya da shi. Ya ƙi, rikici ya tashi, aka kashe shi a ranar 2 ga Afrilu, 1910. Lopes ya tsira, kuma littafin da Alexander yake rubuta abubuwan yau da kullum ya isa hannun iyalinsa. Faransawa suka samo ƙasusuwansa, aka kai su Maifoni aka binne kusa da Claud.

Bayan mutuwarsa

Olive MacLeod, wadda yake neman aure kafin ya tashi, ta zo Afirka a 1910 tare da P. A. Talbot da matarsa don ta ga kabarinsa. Sun yi tafiyar kimanin mil 3,700 ta Najeriya, Kamaru da Chadi, suka ƙetare tafkin, kuma ta buga labarin a 1912 a littafi mai suna Chiefs and Cities of Central Africa. A wannan shekara ta auri Charles Lindsay Temple, wanda ya zama mataimakin gwamna mai kula da Arewacin Najeriya, kuma ita ce ta tattara sanannen kundin nan na bayanai kan ƙabilu, larduna da masarautun Arewa. Talbot kuwa ya yi aikin mulki a Kudancin Najeriya, ya shahara da rubuce-rubuce kan al'adun mutanen can.

A 1912 ƙanensa Herbert ya buga rubutun tafiyar ƙarshe tare da tarihin rayuwarsa a littafi mai suna Boyd Alexander's Last Journey. Akwai abin tunawa da Boyd da Claud a cocin St Dunstan da ke Cranbrook.

Abin da ya bari

Tsuntsayen da ya tattara a Afirka suna ajiye a gidan tarihin halittu na Birtaniya, inda masana suke komawa gare su har yanzu idan ana tantance nau'o'i, domin takardar da ke ƙafar kowane tsuntsu tana nuna inda yake rayuwa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Waɗanda ya tara a ƙuruciyarsa a Kent kuma suna gidan tarihin Cranbrook.

An sa wa halittu da dama sunansa. Akwai wani nau'in tsattsewa na Cape Verde, Apus alexandri, da wani tsuntsun teku na tsibiran, Puffinus boydi, da wata dabba dangin tunku ta kurmin Kongo, Crossarchus alexandri. Shi ma ya sa wa tsuntsayen da ya bayyana sunayen abokan tafiyarsa: Emberiza goslingi, ɗan tsuntsun da ake gani a kan duwatsun Arewacin Najeriya da maƙwabtanta, da Apalis goslingi suna ɗauke da sunan Gosling, yayin da Bradypterus lopezi da Poliolais lopezi suke ɗauke da sunan José Lopes. Tsuntsun tsibirin Raso da ya fara bayyanawa yana cikin jerin halittun da suke gab da ƙarewa, kuma a 2018 aka ɗebi wasu daga cikinsu aka kai tsibirin Santa Luzia da ke kusa don a samar musu mazauni na biyu.